Amshin da Baba Tsalha Bai Yi Ba

Damagaram ce zangonmu na farko. Mu uku ne: ni Idi mai kukuma, da Ado mai kalangu, da Baba Tsalha ɗan amshi. Abin da ya fitar da mu daga Daura ba dogon labari ba ne. Shari'a ta zo, aka rufe gidajen wasa, masu biki suka koma walima da wa'azi. Ni Musulmi ne, ban ce an yi laifi ba. Amma ban iya komai ba sai kukuma, kuma ina da iyali. Muka tsallaka iyaka ta Kongolam.

Baba Tsalha mutumin Dutsi ne. Tun ina goye yake yi wa mahaifina amshi. Da mahaifina ya rasu na ɗauki kukumarsa, Tsalha ya dawo bayana ya tsaya inda ya saba tsayawa. Ba ya kaɗa komai. Murya ce kawai da tafi. In muna wasa ya ce mini Maigida, in mun tashi ya ce mini yaro. Waƙoƙin da mahaifina ya yi wa dillalan shanu da direbobin kan iyaka duk a kansa suke. Ni ina yawo a cikin waƙa, in yabi wannan, in zolayi wancan, wani lokaci in ɓace. Shi ke riƙe da hanya. In ya amsa sai in san inda nake.

Na so ya zauna gida saboda tsufa. Ya ƙi, kuma bai faɗa mini dalili ba sai a tashar Damagaram. Muna zaune gun mai shayi, rediyo na ta waƙar wani mawaƙin ƙasar. Na lura Tsalha ba mawaƙin yake saurare ba, 'yan amshinsa yake bi da kunne.

Ya ce, "Ka ji waɗannan? Ko sun mutu ana jin su."

Na ce, "Kai ma ai an ɗauke ka. Bikin da ba a kafa mana rikoda ba kaɗan ne."

Ya ce, "Na bi sawu, yaro. Duk an shafe an ɗora wa'azi. Guda na samu wurin wani tela a Dutsi, da sunanmu a jiki. Aka saka mini. Kukumarka ta fara, ina shirin jin kaina, sai ga malam yana bayanin alwala." Ya yi dariya. "Malamin ma ya fi ni murya."

Ya kurɓi shayi, ya ajiye kofin.

"Sau ɗaya nake so. In zauna kamar kowa, a kunna, in ji Tsalha yana amshi. Bayan nan Allah ya yi yadda ya so da ni."

Na ce, "Za ka ji."

Daga ranar tafiyar ta zama ta neman inda za a ɗauke mu a kaset.

A Damagaram mun tarar da makaɗan gida sun riga mu cika gari. Na Katsina, na Gusau, na Kazaure, kowa da kayan kiɗansa a hammata yana neman biki. In aka yi suna guda, ƙungiya biyar ke tsayawa a ƙofar gida. Abin da na ƙaru da shi a can jitar Buzaye ce. Nakan zauna inda suke kiɗa in saurara. Abu ɗaya suke maimaitawa, ba gaggawa, har sai ya shiga jikin mutum. Mahaifina kiɗansa gudu ne, irin na kara, wurin cinikin shanu, ranar kasuwa. Ni ma haka na taso. A wurin Buzaye na koyi barin kukuma ta huta. Da na gwada, Tsalha ya ce, "Ubanka da ya ji wannan da ya ce ba ka ci abinci ba." Amma ya bi ni, ya ja amshinsa ya yi tsawo daidai da kiɗan.

Wurin ɗaukar waƙa kuwa ba mu samu ba. Aka ce mu je Yamai.

A Yamai muka faɗa hannun wani Hamani. A tasha ya tsince mu. Bazabarme ne mai Hausa a baki, ga fara'a, ga turare. Ya ce yana da situdiyo, injinan ne kawai ake gyarawa. Kafin a gama, mu riƙa wasa a gidan rawarsa da ke bakin kogi, shi zai ciyar da mu. Ya karɓi takardunmu na shaida ya ce zai adana kada su jiƙe. Muka ba shi.

Damina ta same mu a can. Muna kwana a kan siminti a bayan gidan rawar, ruwa na bi ta ƙarƙashin tabarma. A nan Tsalha ya fara tari. Duk ranar da na tambayi Hamani injinan, sai ya dafa kafaɗata ya ce, "Ɗan'uwa, gobe mai gyara zai zo." Mai gyara bai taɓa zuwa ba, domin babu injin. Kalangun Ado yake so a cikin ƙungiyarsa, mu biyu ƙari ne.

Wata safiya na tashi na ga babu jakar Ado. Na same shi a ɗakin yaran Hamani, da sabuwar riga.

Na ce, "Ado, haka za mu yi?"

Ya ce, "Idi, kai da tsohon nan kaset kuke nema. Ni tuwo nake nema."

Gaskiyarsa ya faɗa. Na je wurin Hamani karɓar takardunmu, ya ce ai ɓera ya shiga akwatin. Ya faɗa yana kallon idona.

Akwai wata mata Bazabarma mai sayar da kwaɗon zogale a bakin gada. Ba ta jin Hausa, ba ma jin Zabarmanci. Ta ga Tsalha yana tari, ta zuba masa zogale a takarda, ta ƙi karɓar komai. Kullum haka. Ranar da za mu bar garin ta nuna kukumata da baki. Na kaɗa mata, Tsalha ya amsa, ta tsaya da ludayi a hannu har muka gama. Ban san sunanta ba.

Wani direban motar albasa, Bahaushen Madawa, shi ya ce mana mu daina wahala. Ya ce a Kumasi ta ƙasar Gana akwai zangon Hausawa, ana biki kamar da, kuma situdiyo a can kamar shagon aski yake. Ya ce mu hau saman kaya in za mu iya.

Muka hau. Ban san akwai wari irin na albasar da ruwa ya taɓa ba sai a tafiyar nan. Rana ta dake mu, ruwa ya dake mu. Na lulluɓe kukuma da leda na sa ta cikin riga. Tsalha na lulluɓe shi da buhu. A ƙasar Mosi, wato Burkina Faso, kowane shinge sai an sauke mu, tunda ba mu da takarda. Direban ya yi ta roƙo a kanmu har ya gaji. A wani shinge jandarma suka zaunar da mu a rana tun hantsi. Da la'asar babbansu ya fito ya ce a yi masa kiɗa. Na kaɗa. Tsalha yana amsawa, tari na yanke shi, suna dariya suna kwaikwayonsa. Babban ya karɓi kukumar ya ce shi ma zai gwada. Ya ja da ƙarfi, izgar ta tsinke. Ya miƙo mini ya ce mu tafi.

Kukuma ba izga ƙoƙo ce kawai. Na koma saman albasa na rungume ta. A wani ƙauye kusa da iyakar Gana muka tsaya salla, Tsalha ya hango doki ɗaure a gindin bishiya. Ya ja ni muka je. Mai dokin tsoho ne Bamoshe. Tsalha ya nuna masa kukumar, ya nuna wutsiyar dokin. Tsohon ya shiga gida ya fito da wuƙa, ya zaɓi gashi mai tsawo ya yanko, ya ƙara da wani. Na ɗaura a nan gabansa, na shafa ƙaro, na ja. Ya gyaɗa kai ya koma gonarsa.

Kumasi ba ta yi kama da ko'ina da na sani ba. Itatuwa sun rufe sama, ruwa ba ya ɗaukewa. A Daura in ka fita bayan gari kana ganin mutum tun yana ɗigo. A can ba ka ganin komai sai abin da ke gabanka. Wannan ya fi yunwa damuna. Nakan yi marmarin fura mai tsami, da kukan shanu ranar kasuwar Mai'aduwa, da ƙasar da za ka taka ta ba ta manne maka a ƙafa ba.

Mutanen zango sun karɓe mu. Da yawansu a can aka haifi iyayensu, sukan sa mu yi magana don kawai su ji Hausar gida. Wata Hajiya Adiza mai sayar da koko da ƙosai ta ba mu ɗaki a bayan madafarta. Ta ce kakanta daga ƙasar Katsina ya zo fataucin goro, ita ba ta taɓa zuwa ba.

Ta tambayi Tsalha, "Baba, da gaske ne a can ana yin wata da watanni ba ruwa?"

Ya ce, "Hajiya, a can ruwa baƙo ne. Ku nan kun aure shi."

Laimar garin tana saki fatar kukuma, sautinta ya zama kamar na mai mura. Kowace safiya sai na gasa ta a bakin murhun Hajiya kafin ta yi magana. Biki kuwa akwai. Muka samu na abinci, har na fara aika wa gida. Tarin Tsalha ne bai tafi ba. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. In na ce mu je asibiti sai ya ce, "Mu fara zuwa inda muka zo."

Mai situdiyon da muka samu sunansa Kwabena. Batone ne, wato mutumin Asante, amma kusa da zango ya taso, yana jin Hausa irin tasu. Wurinsa a bayan wani shagon kayan mota yake. Ɗaki biyu ne ƙanana da gilashi a tsakani. Ɗaya na kwamfuta, ɗaya na mai waƙa, an manna katifa a bango. Ya ji kukumata a wani biki ya biyo ni. Muka yi yarjejeniya: ni in sa masa kukuma a waƙoƙin hailaif, kiɗan zamani na Gana, da yake ɗaukar wa mutanensa, shi kuma ya ba mu ɗakin duk ranar da ba shi da mai biya. Ganga ba matsala, ya ce injinsa zai yi. A wurinsa na fara jin jita mai kauri tana tafiya a ƙarƙashin kukuma. Ban taɓa sanin kiɗana yana buƙatar ƙasa da zai taka ba sai ranar.

Ranar farko muka shiga tare, ni da Tsalha, kamar yadda muka saba. Makirfo ɗaya ne. Muka fara waƙar dillalai. Ba mu kai rabi ba tari ya kama shi. Muka sake. Ya sake kama shi. In ya yi tari, tawa muryar da kukumar duk sun lalace, tunda a wuri ɗaya suke shiga. Kwabena ya buɗe ƙofa ya ce ba haka ake yi ba. Ɗaya bayan ɗaya ake ɗauka, shi ya haɗa a kwamfuta. In ɗaya ya ɓata, nasa kawai za a sake.

Sai ya tsaya yana kallon Tsalha. Ya daɗe yana kallonsa.

Ya ce, "Baba ya fara. Yau yana da murya. Amshi gajere ne, ya yi na kowace waƙa, in ajiye. Kai Idi ka zo daga baya ka yi naka, in jera."

Tsalha ya juyo gare ni. "Me ya ce?"

Na ce, "Wai ka fara yin amshi, ni in biyo."

"In amsa me?"

Kwabena ya ce, "Abin da kake amsawa kullum, Baba. Ai ka san shi."

Tsalha ya ce, "Ɗan nan, in na shigo gidanka ban yi sallama ba, za ka ce wa alaikumus salam?"

Kwabena ya yi dariya. Tsalha bai yi ba.

Ya ce, "Amshi ba abu ɗaya ba ne da ake ajiyewa a kwano. In Maigida ya hau, in hau. In ya sauka, in tare shi. In ya zagi mutum, akwai yadda nake amsawa don zagin ya yi laushi. Tun ina saurayi nake bayan ubansa, ban taɓa buɗe baki kafin ya buɗe ba. Yau da furfurata zan shiga gaban ɗansa?"

Kwabena ya juyo gare ni. Ya rage murya ya ce, "Idi, dubi ƙirjin tsohon nan. Ka sa baki."

Na dube shi. Na ga ƙirjin. Amma ni ma a gidan kiɗa aka haife ni, abin da Kwabena ya faɗa ya yi mini kama da a sa wa mutum hula kafin riga. Na ce, "Yadda Baba ya ce haka za a yi. Ni zan fara. Ba zan daɗe ba."

Kwabena ya ɗaga kafaɗa ya koma kan kujerarsa.

Na daɗe. Da farko ma kasa yi na yi. Zan rera baiti, in kai inda Tsalha ke shigowa, in ji shiru, sai in ɓace. Ban taɓa waƙa ba kowa a bayana ba. Na tsaya a ɗakin katifa da abin ji a kunne kamar wanda aka kulle. Tsalha na wancan ɗakin tare da Kwabena yana kallona ta gilashi. Da ya ga na ɓace sau da yawa, ya jawo kujera ya zauna daf da gilashin. Na fara baiti. Da na kai wurinsa sai ya motsa leɓe, ba sauti, yana amshin da bakinsa kawai, hannuwansa na haɗuwa ba sa tafawa. Na bi leɓensa. Da ya rufe baki na shiga. Waƙar ta tafi daidai.

Haka muka yi duk kaset ɗin. Ni ina rerawa, shi yana amsawa a bayan gilashi ba wanda ke ji.

Amma ɗakin ba kullum muke samu ba. Wani makon Kwabena na da masu biya. Wata ranar mu zo a ɗauke wuta. Wata ranar fatar kukuma ta saki a tsakiyar waƙa. Kuma da na fara jin kaina a lasifika, sai kwaɗayi ya shige ni. Ina so waƙar direbobi ta yi tafiyar Buzaye. Ina so a sa jitar nan mai kauri a ta dillalai. Na yi sabuwa a kan matar zogale, na yi wata a kan Daura. Wadda na gama jiya, in saurara yau in ce a sake. Tsalha ma bai taimaka ba. In na fito ina murna sai ya ce, "Ba ta zauna ba, Maigida. Ubanka ba zai bar ta haka ba." In koma.

Kwabena ya sake yi mini magana sau ɗaya, a waje, muna cin gasasshiyar ayaba. Ya ce, "Waƙa huɗu sun kammalu. Bari Baba ya yi nasu yanzu." Na gaya wa Tsalha. Ya ce ba ya son aiki gutsi-gutsi, in gama gaba ɗaya ya shiga gaba ɗaya, yadda ake yi a fili. Ban matsa ba.

Ranar da na gama ta ƙarshe, Hajiya Adiza ta dafa masa citta da zuma. Washegari ya fito da rigar da ya taho da ita daga gida a naɗe, wadda bai taɓa sawa a hanya ba, shuɗiya mai aiki a wuya. Ya sa hula. Hajiya ta ce, "Baba, kaset ba ya ɗaukar riga." Ya ce, "Ni na san na sa."

Muka tafi a hankali, yana tsayawa yana hutawa. Ya shiga ɗakin katifa. Kwabena ya sa masa abin ji a kunne, ya gyara masa tsayin makirfo. Ni na zauna a kujerar bakin gilashi. Aka kunna. Na ga lokacin da muryata ta shiga kunnensa, ya yi murmushi, ya gyara tsayuwa, ya ɗaga hannu. Wurinsa ya zo. Ya buɗe baki.

Iska ce ta fito.

Kwabena ya tsayar, ya mayar baya. Aka sake. Iska, sai wani ƙaramin sauti kamar ƙofa mai tsatsa, sai tari. Aka kawo ruwan ɗumi. Ya sha, ya yi gyaran murya, ya ce a sake. Muka yi ta yi har azahar. Ko kalma guda ba ta fito yadda za a ajiye ba. A ƙarshe ya cire abin kunnen da kansa, ya rataye shi a hankali, ya fito. Da raɗa ya ce, "Sanyi ne. Bari in huta zuwa bayan Juma'a."

Kafin Juma'a muna asibiti. Likita ya ce ƙirjin ya daɗe da lalacewa, me ya sa ba a kawo shi da wuri ba. Ina zaune a gefen gadonsa da rana, ya yafuto ni. Na kai kunnena bakinsa.

Ya ce, "Ka gama taka?"

Na ce, "Na gama, Baba."

Ya ce, "To, saura tawa."

Bai ƙara wata magana da na gane ba. Mutanen zango suka yi masa sutura, suka sallace shi, mutane da yawa waɗanda ba su san shi ba. Ƙasar maƙabartar ja ce, jiƙaƙƙiya. Ni na shiga ramin na karɓe shi. Ba nauyi.

Daga maƙabarta ban koma gida ba, na wuce wurin Kwabena. Na ce ya nemo mini ɗaukar ranar farko, wadda muka shiga tare, ko da tarin ne a ciki ina so. Ya dafe kai. Ya ce kwamfutarsa ƙarama ce, abin da ya lalace ba ya ajiyewa, tun a makon ya goge. Ya yi kuka. Ni ban yi ba.

Waƙoƙin suka zauna a kwamfuta da ramuka a cikinsu. Duk bayan baiti sai kiɗa ya yi ta tafiya shi kaɗai. Kwabena ya kawo samarin zango su cike. Suna da murya, amma ba su san inda ake shiga ba, kuma abu ɗaya suke maimaitawa ko na hau ko na sauka. Na sallame su. Na bar aikin har damina ta wuce. Daga baya Kwabena ya ce ko dai a cike ko ya goge, yana buƙatar wurin. Na shiga ɗakin katifa na yi amshin da kaina. Na san kowane lanƙwasa nasa, tun ina yaro nake ji. Rana ɗaya na gama.

Kaset ya fito. An saya a zango. Direbobin albasa suka hau da shi arewa, har ya riga ni isa Kongolam. Da na dawo Daura abubuwa sun ɗan sassauta, ana kiɗa a biki jefi-jefi, sai dai yanzu samari masu fiyano ake kira. Tsofaffin makaɗa sun ji kaset ɗin. Wani mai kalangu abokin mahaifina ya tare ni a kasuwa ya ce, "Idi, mun ji aiki. Kai ne liman, kai ne mamu." Aka yi dariya. Na wuce.

Tsalha ya bar 'ya guda a Dutsi, Hinde, tana aure a can. Saƙon rasuwar ya riga ya je mata ta bakin direbobi. Na hau mota na tafi da jakarsa. Mijinta ya shigar da ni zaure, ta fito ta zauna daga bakin ƙofa. Muka yi gaisuwa, muka yi addu'a. Na miƙa jakar. Ba ta buɗe ba.

Ta ce, "Yaya Idi, an ce kun yi kaset ɗin."

Na ce, "An yi."

Ta aika aka kawo rikoda. Mijin ya rage sauti saboda maƙwabta. Waƙar dillalai ta fara. Ta sunkuyar da kai tana jira. Amshi ya shigo. Ta ɗago. Ta bari ya sake shigowa, sannan ta ce a tsayar.

"Wannan ai kai ne."

"Ni ne."

"Baba yana cikin ta gaba?"

"Ba ya ciki."

"Ko a waƙa ɗaya?"

"Ko a ɗaya."

Na gaya mata yadda aka yi, ban rage komai ba. Na gaya mata maganar Kwabena da amsar da muka ba shi. Sannan na gaya mata zancen gilashi. Na ce duk inda ta ji na amsa wa kaina, tsawon wurin nasa ne, shi ya auna da leɓensa, ni cikewa kawai na yi. Na ce in ta saurara da kyau, numfashin waƙar duk nasa ne.

Ta dubi rikodar, ta dube ni.

Ta ce, "Wannan kai kaɗai ka gani, Yaya Idi."

Ta danna, kaset ɗin ya fito, ta miƙa wa mijinta ya miƙo mini. Ta tambaye ni ko an samu mutane a jana'izar. Na ce an samu. Ta ce Alhamdu lillahi, ta ɗauki jakar ta shiga gida.